Masassarar Bayan Isha'i

Ga kacici-kacici. Wane ciwo ne ke shiga gida bayan sallar isha'i, ya kwana, ya fita da kiran asalatu, kuma ba sauro ke kawo shi ba?

A gidan yayana na Belbeji na tarar da shi. Majinyacin kuwa wani farin akwatin wifi ne mai cin sim, yana zaune bisa kanta a ɗakin tsakar gida, batirin sola ke ciyar da shi. Da hantsi lafiyarsa lau, bidiyo ma gudu yake. Amma da an sallame isha'i, lokacin da autanmu ke tashi daga aiki a Sabha ta Libiya ya kira gida, sai murya ta riƙa tsinkewa. Inna ta yi sallama, amsar ta iso bayan ta riga ta shiga tambayar gajiya. Fuskarsa ta daskare da baki buɗe. Mako biyu ke nan ba ta ji ya kai ƙarshen magana ba, har ta fara zargin ɓoye mata wani abu yake yi.

"Kai da ka yi lakwal, duba mana," in ji Yaya.

Na ce to, amma sai kowa ya faɗi wanda yake zargi.

Yaya bai yi wata-wata ba: teku ce. Yana da hujja. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace daura da gaɓar Kodibuwa, Afirka ta Yamma ta shiga kunci, Nijar ma ta ɗanɗana. Ƙasar da ba ta da bakin ruwa dole saƙonta ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya isa teku, ta Kwatano ko ta Najeriya. Mai zaune a Damargu, arewa da Damagaram, yana can ƙarshen igiya. Sai dai wayar da ta tsinke ba ta san isha'i ba. Ba ta haɗe kanta da asuba. Na sallami teku.

Matar Yaya ta ce hazo ne. Na leƙa waje, taurari tar. Na sallami hazo.

Sai na ɗauko awo. Akwai wani ɗan gwaji da ake kira ping: ka jefa ƙaramin ƙullin saƙo zuwa wata na'ura, ta maido maka, a ƙirga lokacin zuwa da dawowa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Haske cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 a sakan guda, don haka nisa kaɗai ba ya cin lokaci mai yawa. Ko tauraron ɗan'adam da ke tsaye a kilomita 35,786 sama da mu, zuwa da dawowa bai cika wuce milisakan 600 ba. Da hantsi na jefa ƙulli ɗari zuwa 8.8.8.8, adireshin Google da masu gyara ke gwaji da shi. Duka suka dawo, kowanne cikin kimanin 90.

Bayan isha'i na sake. 95. 110. 800. 2,400. Sai layi ya zo babu lamba. Ƙullin ya tafi bai dawo ba. Cikin ɗari, goma sha huɗu suka ɓace a hanya.

Milisakan 2,400 ya ninka tafiya sama da dawowa sau huɗu. A ina saƙon ke tsayawa?

Zargina na farko batir ne, kuma na so ya zama shi. Rana ta faɗi, fanka da fitilu da talabijin suna zuƙa, wuta ta yi rauni, akwati ya fara layi. Lokacin ya yi daidai kamar an auna. Washegari muka aro cikakken batir wurin mai cajin waya na bakin kasuwa, muka ba akwatin shi kaɗai. Aka yi isha'i. 2,100. Batir ya fita da mutuncinsa.

To eriyar kamfani fa? Wannan shi ne zancen kowace majalisa, kuma sau da yawa gaskiya ne: da dare gari duka yana kan waya, eriya ɗaya, kowa na jan rabonsa. Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Tanut, kuma wayoyin da ke hannun mutane yau ba su ne na wancan lokaci ba. Gwajin mai sauƙi ne. Na kashe wifi a wayata, na kunna datar sim ɗina, kamfani ɗaya da na akwatin, na tsaya jikin kantar. Eriya ɗaya, ɗaki ɗaya, minti ɗaya.

Wayata: 120. Akwati: 2,300.

Na dubi Yaya. Na ce, "Yaya, mai laifin nan ba a waje yake ba."

Nan fa gida ya ɗauki zafi. Yaya ya tuna data na ƙarewa kamar ana kwasa da ƙwarya, ya kuma tuna samarin da ke zama bayan katanga da dare, fuskokinsu na haske. Muka canza lambar sirri, muka sa ta a wayarsa kaɗai. A daren nan autanmu ya kira, Inna ta yi minti arba'in tana hira, har da labarin akuyar da ta haifi tagwaye. Yaya ya yi hamdala, ya ce an kama ɓarayi. Da safe ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya yana sa musu sabuwar lamba.

Isha'i ta yi. Ciwo ya dawo.

Samarin ba su da lambar. Ba su taɓa zama masu laifi ba, kuma na ji nauyin zargin da muka ɗora musu.

Na buɗe shafin akwatin, inda yake lissafa masu shan ruwansa. Wayoyi shida. Duka na gida. Na bar ping yana gudu, na ce a kawo su. Na kashe wifi na wayar Yaya. 2,200. Ta matarsa. 2,500. Ta babban ɗansa, wanda kowa ya zuba wa ido. 1,900. Yaron ya sauke numfashi. Ta huɗu. Ta biyar. Babu canji.

Saura ɗaya. Ba ta hannun kowa.

Muka bi waya har bayan kanta. Tana kwance kan faifai, a jone da caji, fuskarta baƙi ƙirin. Na zare ta.

95.

Na mayar. Muka jira minti biyu. 700. 1,800. Na zare. 92.

Wayar Inna ce.

Ga yadda abin yake. Autanmu ne ya aiko mata da ita, ya kuma saita ta yadda za ta kwafe hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet don kada su ɓace, amma sai tana kan wifi kuma tana caji. Jikoki suka cika ta da bidiyon bikin da aka yi a gidan, kusan giga 40. Duk yini tana ƙulle a bakin zanen Inna. Bayan isha'i Inna ta miƙa wa jikarta ta kai caji, ta karɓi ta Yaya don jiran kira. Da asuba a zare. Agogon ciwon ke nan.

Amma don me waya ɗaya za ta shaƙe gida? Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya mai zurfi a Damargu ya san amsar. Guga ɗaya ne, jaki ko raƙumi na jan igiya. Makiyayi ya iso da shanu ɗari biyu ya kama layi. Yarinya ta zo da tulu ɗaya, ruwan shan gida kawai take so, amma aka ce ta bi baya. Ruwa bai ƙare ba, rijiya ba ta rufta ba. Jira ne ya yi tsawo.

Hanyar aikawa a irin wannan layi ta fi ta karɓa ƙunci nesa ba kusa ba. Na auna tamu, megabit ɗaya a sakan, wato giga guda sai ya ci fiye da awa biyu. Akwatin kuma yana da rumbu a ciki, inda yake tara ƙullin da bai samu hanya ba. Bidiyon biki ya cika rumbun maƙil. Muryar Inna, 'yar mitsitsiya, ta zo ta tsaya a bayan shanu. Wadda ta samu wuri ta jira sakan biyu, shi ne jinkirin. Wadda ta tarar da rumbu a cike aka zubar da ita, shi ne tsinkewar. Bidiyo bai damu ba, abin da ya zube zai sake aikowa. Kalmar da ta faɗi cikin hira kuwa ta faɗi ke nan.

Ba a Belbeji aka fara ganin wannan ba. A 2010 wani injiniya a Amurka, Jim Gettys, ya lura intanet ɗin gidansa na shaƙewa duk lokacin da yake aika manyan fayiloli, ya bi sawu, ya ba ciwon suna mai ma'anar kumburin rumbu. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da dabarar CoDel, mai hana layi yin tsawo tun kafin rumbu ya cika. Akwatinmu ba shi da wannan hikima, sai muka yi ta gida: na cire sharaɗin caji, na tsayar da kwafin, aka bar wa babban ɗan Yaya aikin kunna shi bayan sallar asuba, ya kashe kafin magariba.

Inna tana zaune kan tabarma tana jin bayani. Ta juya wayar a hannunta, ta shafa fuskarta da gefen mayafi.

"Wato hotunan da yake son ya gani ne suka hana ni jin muryarsa?"

Na ce haka ne, Inna.

Kafin ta sake magana wayar Yaya ta yi ƙara. Lambar Libiya ce. Ta miƙa hannu, ta yi sallama, amsar ta dawo tun bakinta bai rufe ba.