Maɗorin Kyamara Mai Ƙafa Uku: Abin Da Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Duba

Sau da yawa akan ga mutum ya yi shekara yana tara kuɗi har ya sayi kyamara ta kirki, sa'an nan ya ɗauko canjin da ya rage ya sayi maɗori mai ƙafa uku, wanda masu sana'ar su ke kira tirayfod, ya ɗora dukiyarsa duka a kai. Ba a jima ba sai iska ta kaɗa, ko wani yaro ya gifta, maɗori ya kife, gilashi ya fashe. Ko da ba a kai ga haka ba, akwai wata hasara da ba ta da ƙara, watau hotunan da su ke fitowa dishi-dishi, mai kyamara yana ta zargin idonsa, alhali kuwa ƙafafun da ya saya ne su ke rawa.

Ga dalilin da ya sa a ke bukatar abin tun farko. Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cik. Masu ɗaukar hoto suna da wata tsohuwar ƙa'ida, cewa in gilashinka na milimita 50 ne, kada ka bar idon kyamara a buɗe fiye da kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa muddin a hannu ka ke riƙe da ita. In na milimita 200 ne, kashi 1 cikin 200. To, da magariba, ko a cikin soro mai duhu, hasken ba ya isa sai an bar idon a buɗe daƙiƙa guda ko fiye. A nan hannu ya gaza. Ƙafa uku kuwa aka zaɓa domin abin da matanmu suka sani tun kaka da kakanni wajen murhu: duwatsu uku suna zaunar da tukunya ko a ƙasa mai tudu da kwari.

Mai saye yana son abu uku a haɗe, rashin nauyi, da ƙarfi, da sauƙin kuɗi. Gaskiyar magana ita ce biyu kaɗai a ke samu cikakku. Marar nauyi mai ƙarfi yana da tsada. Marar nauyi mai araha ba shi da ƙarfi, araha kuwa ba ta ado. Saura mai ƙarfi mai sauƙin kuɗi, wanda aibinsa ɗaya ne, ya ɗan yi nauyi a kafaɗa. A ganinmu wannan na ƙarshe shi ne rabon mai ƙaramin ƙarfi, kuma ba rabon banza ba ne.

Bari mu duba abin da a ke ƙera ƙafafun da shi. Da can na katako ne, har yanzu ma kamfanin Berlebach na Jamus, wanda ya fara aiki a 1898, yana yin na katako, gama itace yana shanye girgiza ƙwarai. Daga baya alminiyam, ƙarfen nan marar nauyi da a ke kira goran ruwa, ya cika kasuwa. Da shi Lino Manfrotto na ƙasar Italiya ya yi suna bayan ya fitar da maɗorinsa na farko a 1974. A 1994 kuma kamfanin Gitzo, wanda aka kafa a Faransa a 1917, ya fito da ƙafafu na zaren kabon da aka daskarar da wani irin ƙaro. Yau kamfanonin ƙasar Sin irin su Benro da Sirui sun sauko da farashinsa, amma duk da haka ya fi alminiyam tsada nesa. Me a ke samu da wannan ƙarin kuɗi? A samfurin Manfrotto mai lamba 055, na alminiyam yana da nauyin kimanin kilo 2 da rabi, na kabon kimanin kilo 2. Watau rabin kilo ne tsakaninsu. Ga mai hawan dutse da ƙafa rabin kilo abu ne babba. Ga wanda zai ɗaure kayansa a bayan babur ya tafi gidan biki, ba kome ba ne. Har wa yau, in alminiyam ya bugu, lotsawa ya ke yi, a ci gaba da aiki da shi; kabon kuwa tsagewa ya ke yi. Abin da za a faɗa a kan alminiyam shi ne yana ɗaukar zafi in ya daɗe a rana.

Abin da ya fi irin ƙarfen muhimmanci shi ne kaurin ƙafa da yawan gaɓoɓinta. Ko wace ƙafa bututu ne a cikin bututu, saboda haka ko wace gaɓa ta fi wadda ke bisanta siranta. Mai gaɓa 5 yana naɗewa ya koma kamar santimita 40, ya shiga jaka, abin sha'awa. Amma dubi gaɓarsa ta ƙasa, za ka tarar ba ta fi ɗan yatsa kauri ba, ga kuma makullai 4 a ko wace ƙafa, ko wanne wurin motsi ne. Mai gaɓa 3 ya fi tsawo in an naɗe, amma ya fi tsayawa, ya kuma fi saurin kafawa. In ba jirgin sama ka ke yawan shiga ba, ɗauki mai 3, ko mai 4 in ta kama.

Sai sandar tsakiya, wadda a ke zarowa sama don ƙarin tsawo. Nan ne 'yan kasuwa su ke yi wa mutane wayo, gama tsawon da su ke rubutawa a kwali yawanci da sandar a miƙe ne. Sanda kuwa in aka kafa gindinta aka ninka tsawonta, lanƙwasawar da ta ke yi ba ninki biyu ba ne, ninki 8 ne. Wanda ya zaro sandar nan duka ya mai da ƙafa uku ƙafa ɗaya ke nan. Tambayi tsawon maɗorin da sandar a ƙasa. In ƙafafun kaɗai sun kai haɓarka, ya isa, domin kai da kyamara za su cika sauran zuwa ido.

Haka kuma kada lambar nauyin da aka ce yana ɗauka ta ruɗe ka. Babu wani ma'auni guda da kamfanoni suka yarda da shi, kowa da yadda ya ke auna nasa. Auna kyamararka da gilashinka mafi nauyi, ka nemi wanda aka ce yana ɗaukar ninkinsu biyu ko uku.

Kan maɗori, watau inda kyamara ta ke zama, shi ma a duba shi. Mai ƙwallo ya fi sauƙi da sauri ga hoto. Mai ɗaukar fim, irin 'yan Kannywood, yana bukatar kai mai hannu da maiƙo a ciki, domin juyawa ta tafi sumul. Lalle ne kan ya zama mai kwancewa, ba wanda aka manne da roba ba, don in ya lalace a sake shi kaɗai. Notin da ke shiga gindin kyamara faɗinsa rubu'in inci ne, murɗi 20 a inci, wanda ke haɗa kai da ƙafafu kuwa yawanci kashi 3 cikin 8 na inci ne, kuma haka ya ke ko ina a duniya. Ɗan farantin da a ke ɗaurawa a gindin kyamara, in irin na Arca-Swiss ne ya fi, gama kamfanoni da yawa suna yin irinsa, in ya ɓace ba a rasa wani.

Gani ya kori ji. Je kanti da kyamararka. Miƙe ƙafafun duka, ka danna da tafin hannu daga bisa, ka ga ko wata gaɓa za ta zame. Kama saman ka murɗa hagu da dama, in ya bi hannunka kamar karan dawa, ajiye shi. Sa'an nan ɗora kyamara, ka jawo wani rubutu na nesa ya cika allonta, ka ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa, ka lura da daɗewar rawar kafin ta kwanta. Gwada biyu ko uku jere, idonka zai raba gardama. Kada kuma ka raina na gwanjo. Maɗori ba shi da batir ko inji, tsohon mai suna wanda ƙafafunsa ba su lanƙwashe ba ya fi sabon roba mai ƙyalli.

Ran da a ke iska, rataya jakarka a ƙugiyar da ke ƙarƙashin sandar tsakiya, amma bar gindin jakar ya taɓa ƙasa, in ba haka ba ita ma lilo za ta riƙa yi. Sa kyamara ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna, domin girgizar yatsanka ta wuce. Lokacin hunturu kuwa ƙura tana shiga makullan murɗawa ta ci haƙoransu, sai a riƙa kwance su a goge da busasshen ƙyalle. Makullan dannawa in sun saki, akwai ɗan noti a jikinsu da a ke ƙara ɗaurewa.