Tsohon Gilashi a Bakin Sabuwar Kyamara

Kowane gilashin kyamara an ƙera shi ne don ya zauna a wata ƙayyadaddiyar tazara daga inda hoto ke sauka. A wasu tsofaffin kyamarori akwai madubi mai ɗagawa idan an danna, shi ya sa tazarar ta yi tsawo: milimita 46.5 a tsarin Nikon F na 1959, kusan 45.5 a tsarin M42 da ake murɗawa kamar murfin kwalba. Da aka cire madubin sai tazarar ta tsuke, ta koma 18 a Sony E, 16 a Nikon Z. Abin da ya rage kawai a cike giɓin da adafta, wani zoben ƙarfe da babu ko gilashi a cikinsa. Tun fitowar kyamarar Sony A7 marar madubi a 2013, gilasan da suka daɗe a akwati suka sake samun kasuwa.

Ga gilashin Helios-44 mai milimita 58, wanda Tarayyar Sobiyet ta ƙera miliyoyinsa bisa tsarin Biotar na Carl Zeiss. Ka buɗe shi gaba ɗaya, ka ɗauki mutum a gindin bishiya: fuska ta fito tar, ganyayen baya kuwa su narke suna kewaya kansa. A wajen injiniya wannan aibi ne. A wajen mai hoto shi ne abin nema, har aka yi amfani da irin waɗannan gilasai a fim ɗin Dune: Part Two na 2024.

Sai dai sensa mai megafiksel 61, irin ta Sony A7R IV, ba ta rufa asiri. Dishi-dishin da fim ɗin tsofaffin kyamarori ke haɗiyewa a kusurwoyi, da shunin da ke bin gefen abu mai haske, duk sai ta fito da su. Rage buɗewar zuwa f/8 na magance yawancinsu. Saiti kuma da hannu ake yi, a hankali, kuma a ganina wannan natsuwar riba ce.

Kafin ka sayi tsohon gilashi, haska tocila ta cikinsa. In ka ga zare-zare fari, naman gwari ne ya kama shi, yana iya cin fentin gilashin. In kuwa gilashin Takumar mai milimita 50 ne ya yi rawaya, sinadarin toriyom ne a cikinsa, shanya shi a rana na rage launin.