Kada takardar sefa ta ɓuya a bayan ta naira

A filin fasaha na wannan mako mun taɓo wani ɗan layi da ke kwance a ƙasan allon kwamfuta, wanda kowa ke gani amma ba kowa ya san ana gyara shi ba. Idan kwamfutarka mai Turanci ce, sunansa Taskbar. Idan daga Maraɗi ko Konni ka sayo ta, mai Faransanci, za ka ga Barre des tâches. Mu dai mu ce masa layin aiki.

Mai tambaya zai ce, me ya haɗa ɗan kasuwa da wannan? To ga shi. A ce kai dillali ne a kara, ko yaronka ne ke riƙe maka lissafi. Ya buɗe takardun Excel uku: ɗaya farashi da naira, ɗaya da sefa, ɗaya ta bashin da kake bin mutane. Windows ba ta nuna maka su uku. Sai ta tattara su ƙarƙashin alama guda, kamar an kora shanun mutum uku garke ɗaya ba shaida a jikinsu. Kana sauri, mota na jira, ka danna wadda ta fara zuwa hannu, ka rubuta kuɗin sefa a gidan naira. Ko kuma ka tura wa mai saye takardar da ke ɗauke da farashin da ka saro kayan. Shi ke nan, ciniki ya lalace.

Wannan tattarawa ba lalacewar na'ura ba ce, haka kamfanin Microsoft ya tsara. Tun Windows XP ake haɗa tagogi idan layin ya cika, amma daga Windows 7 ta 2009 aka mayar da shi alama zalla, babu suna. Ana iya warware shi.

A Windows 10, wadda ita ce a yawancin kwamfutocin hannu na biyu da ke shagunanmu, ka kai linzami wurin da babu komai a kan layin, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi Taskbar settings. Mai Faransanci zai ga Paramètres de la barre des tâches. Gangara ƙasa har ka iske Combine taskbar buttons. Zaɓi uku ne a ciki. Na farko yana haɗa su kullum ya ɓoye sunaye, shi ne wanda kwamfuta ke zuwa da shi. Na biyu ba ya haɗawa sai layin ya cika. Na uku, Never ko Jamais, ba ya haɗawa sam. Kowace taga da sunanta a rubuce.

Ni dai na biyun nake ba mutane shawara. Ƙaramar kwamfuta allonta ba faɗi, idan ka ce Never kuma ka buɗe tagogi goma sha, sunayen za su matse har ba a karanta su. Amma duk wannan ba zai yi amfani ba idan takardunka sunansu Book1 da Book2. Farkon suna kawai ke fitowa a layin, don haka sa kalmar da ta bambanta su a gaba: Sefa Maraɗi, Naira Jibiya, Bashi. Sakataren ƙungiyar makiyaya mai riƙe da sunayen waɗanda aka yi wa dabbobinsu rigakafi, kai ma haka, sunan ruga ko gari ya zo farko.

Windows 11 kuwa da ta fito a Oktoban 2021, ta dawo da alamomin tsakiya, ta kuma cire wannan zaɓi gaba ɗaya. Mutane suka yi ta ƙorafi, sai a ƙarshen 2023 aka dawo da shi. Yanzu yana cikin Taskbar behaviors, wato Comportements de la barre des tâches, kuma a nan ne za ka mayar da alamomin hagu idan tsakiyar ba ta yi maka ba. Wanda ya duba bai gani ba, kwamfutarsa ce ba ta karɓi sabuntawa ba. A kai ta inda intanet ke da ƙarfi, don abin na cin data.

Sai abin da kake buɗewa kullum, ka kafe shi a layin: danna dama a kan alamarsa, ka zaɓi Pin to taskbar, ko Épingler. Wanda ba ka amfani da shi ka cire, ya bar wa sunaye fili.

Wata tambaya da ke yawan zuwa: na shiga wurin amma rubutun ya dushe, ya ƙi dannuwa. Galibi Windows ɗin ce ba a kunna lasisinta ba, kuma hakan na kulle wurin gyare-gyaren. Wannan tsakaninka da wanda ya sayar maka ne. Kafin a gyara, riƙe Alt ka taɓa Tab, duk tagogin za su bayyana da sunayensu, ka karanta kafin ka saki.