Kokowa cikin ɗan gajeren labari

Ga irin labarin da ƴan makaranta sukan rubuta: "Sani ya tashi da safe. Ya sha koko. Ya tafi gona, ya yi noma, ya komo gida da marece." Babu kuskure ko ɗaya cikin wannan rubutu. Amma duk wanda ya karanta shi zai ce: "To, sai me?" Kome ya tafi daidai, babu abin da ya tare wa Sani hanya. Shi ya sa labarin ya yi lami, kamar miya ba gishiri.

Labari yana tashi ne in mutum yana son wani abu, wani abu kuma ya hana shi samu. Tsofaffi masu tatsuniya sun daɗe da sanin haka. Gizo yana jin yunwa, abincin kuwa yana hannun kura ko zaki. Ba ya iya ƙwacewa da ƙarfi, sai ya nemi dabara. A nan ne yara suke yin tsit, don suna so su ji yadda zai yi. Marubuta ma haka suke yi. Cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, duk inda Alhaji da Malam Zurƙe suka gamu sai ɗaya ya ƙulla wa ɗaya, wancan kuma ya tafi neman ramuwa.

Amma wannan littafi ne mai shafi da yawa. Ɗan gajeren labari kuwa layi goma ne ko goma sha biyar. Ba shi da wurin jama'a, ba shi da wurin doguwar tafiya. Mutum biyu sun isa, da abu guda wanda suke ja a tsakaninsu.

Kokowa tana koya wa mai rubutu abu biyu. Tun 1975, lokacin da aka fara kokowar ƙasa a Tawa, mutane suke cika fili don kallon masu neman takobi. Ba wanda yake zuwa don ya ga yadda ɗan kokowa ya yi barci ko ya yi kalaci. Ana jiran lokacin da za a kama juna. To, haka ɗan gajeren labari yake: ana fara shi dab da kamun. Abu na biyu ya fi wuya. In aka haɗa ƙato da yaro ƙarami, ba wanda zai tsaya kallo, don an riga an san wanda zai faɗi. Cikin labari, ƙarfin mutum shi ne dalilinsa. Ƴan makaranta da yawa sukan yi mutum ɗaya nagari ƙwarai, ɗayan kuma mugu ba dalili. Wannan shi ne ƙato da yaro. Labari ya fi kama zuciya in kowa yana da tasa gaskiya.

Ga misali:

Da asuba Rabi ta ji kukan akuya. Ta fito, ta iske babanta yana kunce igiya daga turke.

"Baba, ina za ka kai ta?"

"Kasuwar Tasawa."

"Ai tawa ce. Kaka ta ba ni."

"Na sani, ɗiyata."

Rabi ta kama igiyar da hannu biyu. Baban bai ja ba, bai kuma saki ba. Can cikin ɗaki ƙanenta ya fara kuka. Tun jiya da rana ba a ɗora tukunya ba. Rumbu ya ƙare, hatsin gona kuwa ko kai bai fid da ba. Rabi ta dubi ɗakin, ta dubi akuyar.

"Ni zan ja ta," in ji ta. "Ba ta bin kowa sai ni."

Suka kama hanya, tana gaba, baban yana baya.

Wa ke da laifi a nan? Akuya ta Rabi ce, kuma a ƙauye dabbar da aka ba yarinya dukiyarta ce. Baban kuwa ba ɓarawo ba ne. Tsakiyar damina ce, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai zo ba, ga yara da yunwa. Kowa ya ci, akwai abin da za a rasa: ko akuya, ko tuwo. Da a ce baban zai sayar da ita ne don ya sayi sabuwar hula, da labarin ya mutu tun layi na uku.

Akwai kuma wata kokowa wadda ba a gani da ido. Ita ce wadda ake yi cikin zuciya. Rabi tana son akuyarta, tana kuma son ƙanenta. Ba a rubuta "Rabi ta yi baƙin ciki" ba, ba a rubuta "ta rasa yadda za ta yi" ba. Hannu biyu a kan igiya sun faɗi na farko, duban ɗaki da duban akuya sun faɗi na biyu. Baban ma yana tasa kokowar. Don me ya tashi da asuba, tun ɗiyarsa tana barci? Mai karatu zai gane kunya ce da nauyin zuciya, ko da yake ba a gaya masa ba. Maganarsa ma gajeruwa ce, kamar ta mutumin da ba ya son a ja zance.

Abokin karawa ba dole ya zama mutum ba. Yana iya zama fari, ko rijiya mai zurfi, ko duhun dare ga yaron da aka aika bayan gari. Amma ga mai koyo, mutum biyu sun fi sauƙi, don suna magana da juna.

Sauran ƙarshe. Wani ɗan makaranta zai ji tausayin Rabi, ya kawo wani kawu daga Yamai da buhun hatsi, a maida akuya turke. Zuciyarsa mai kyau ce, amma ya raba kokowa tun ba a yi kaye ba. Wanda aka fara labari da shi, shi ya kamata ya yanke shawara, ko da za ta yi masa ɗaci. Rabi ce ta ce za ta ja akuyar, ba a ƙwace mata ba. Da ta faɗi haka, an gama. Nawa aka sayi akuyar, tiya nawa aka auno, ko Rabi ta yi kuka a hanyar komowa, duk wannan an bar wa mai karatu.