Tsaunin da Shahuna Ke Bi a Lokacin Ƙaura

Mai karatu, idan ka taɓa lura da shirwa tana shawagi da hantsi, ka ga tana daɗewa a sama ba ta kaɗa fiffike. Dalili kuwa shi ne iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa idan rana ta buge ta, ita ce ke ɗaga ta. Akwai kuma wata hanya ta biyu: idan iska ta bugi gefen dogon tsauni, dole ta karkata sama, sai tsuntsu ya shimfiɗa fukafukansa ya bi tsawon tsaunin ba tare da ya ƙona kitsen jikinsa ba. Shi ya sa shahuna da mikiyoyi masu ƙaura kan taru a kan wasu tsaunuka ƙalilan.

Irin wannan tsauni ne Kittatinny, a jihar Pennsylvania ta Amurka. Da kaka, tsuntsaye masu farauta kan biyo shi daga arewa, wasunsu har Amurka ta Kudu suke zuwa. Amma wannan taruwa ta zame musu bala'i. A 1929 hukumar farauta ta jihar ta sa ladan dala 5 ga duk wanda ya kashe wani nau'in shaho, mafarauta kuwa ba sa tantancewa, kowane ya gifta harbi suke yi. Hotunan gawarwakin da Richard Pough ya ɗauka ne suka zaburar da wata mata, Rosalie Edge, ta karɓi hayar eka 1,400 a 1934, ta ɗauki Maurice Broun ya hana harbi. Wurin shi ne Hawk Mountain, mafakar farko a duniya ta irin waɗannan tsuntsaye.

Abin da ya fi jan hankalin ɗalibin kimiyya shi ne ƙidayar da Broun ya fara a shekarar. Aiki ne mai gundura, mutum ya wuni a kan dutse yana rubuta lambobi, amma da wannan lissafi aka gano ƙananan mikiyoyi suna raguwa. Rachel Carson ta kafa hujja da shi a littafinta na 1962, daga baya aka tabbatar cewa maganin ƙwari DDT yana sa ɓawon ƙwai ya yi siriri har ya fashe a ƙarƙashin uwa. An hana amfani da shi a gonakin Amurka a 1972.

Sai dai kare ƙololuwa ɗaya bai isa ba. Tsuntsun da ya wuni yana tafiya yana bukatar itatuwan kwana da dajin farauta a tsawon hanyar, ga shi gidaje da hanyoyin mota da fasa dutse suna gutsuttsura dajin. Don haka masu kare muhalli ke sayen filaye a kan tsaunin, ko su ƙulla yarjejeniya da masu su cewa ba za a yi gini a wurin ba.