Karatun Likita ta Intanet a Ibadan: Amfaninsa da Tsadarsa

IBADAN: Tafiya kaɗan ce tsakanin unguwar Sabo, wadda Hausawa fataken goro da shanu suka zauna tun 1916, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wato UCH, da aka buɗe a watan Nuwamba na 1957. A wannan asibiti ne ɗaliban likita ke yin kashi na biyu na karatunsu na shekara 6, inda suke zagaya sassan asibiti ɗaya bayan ɗaya: sashen cututtukan cikin jiki, da na tiyata, da na yara, da na mata da haihuwa, da na taɓin hankali. A 'yan shekarun nan wani ɓangare na wannan karatu ya koma kan wayar hannu da kwamfuta, abin da ya ƙara wa iyaye sabon nauyi, ya kuma buɗe wa 'yan kasuwa wata ƙofa.

Dalilin wannan sauyi a fili yake. Ɗalibin da ke zagayen asibiti ba shi da tsayayyen lokacin zama a aji. Da safe yana biye da babban likita daga gado zuwa gado, da rana yana ɗakin duba marasa lafiya ko ɗakin tiyata, wani lokaci kuma ya kwana a bakin aiki. Darasin da aka naɗa aka ajiye a intanet yana jiran sa har ya sami sarari, kuma yana iya maimaita shi sau nawa ya ga dama. Haka kuma cutar da bai ci karo da ita ba a 'yan makonnin da ya yi a wani sashe, zai iya ganin hotunanta da bayaninta. Wannan ya fi amfani ga waɗanda aka tura aikin karkara a Igbo-Ora, cikin shirin lafiya na Ibarapa da jami'ar ta soma a 1963, domin suna nesa da ɗakin karatu.

Abin da ya hanzarta al'amarin shi ne annobar korona, wadda ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata tara a wannan shekara, da wani na wata takwas a 2022. A lokacin annobar ne laccoci ta manhajar Zoom suka zama ruwan dare a duniya. Akwai kuma kamfanonin da sana'arsu ke nan, kamar AMBOSS da Lecturio na ƙasar Jamus, da Osmosis na Amurka wanda kamfanin Elsevier ya saya a 2021. Suna sayar da darussan bidiyo da tambayoyin gwaji, a biya duk wata ko duk shekara.

Sai dai kuma tsadar wannan karatu ta rataya ne a kan abubuwa uku. Na farko kuɗin waje. Galibin waɗannan kamfanoni da dala ko yuro suke yanka farashi. Kafin a saki naira a watan Yuni na 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura naira 1,500. 'Yan canjin Sabo, waɗanda suka yi suna a Ibadan kan wannan sana'a, sun fi kowa sanin ma'anar haka: kuɗin rajistar da bai canja ba a dala ya ninka sau uku a aljihun uba.

Na biyu kuɗin data. Darasin bidiyo yana cin data fiye da rubutu nesa ba kusa ba, kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100.

Na uku wutar lantarki. A watan Oktoba na 2024 kamfanin rarraba wuta na Ibadan ya yanke wa UCH wuta saboda bashi, aka shafe fiye da kwana 100 cikin wannan hali, har ɗaliban likita suka yi zanga-zanga a farkon 2025. Wayar da ba caji ba ta koyar da kowa komai.

Ga ɗan kasuwar da ke da ɗa ko 'ya a makarantar likita, lissafin shekara bai tsaya ga kuɗin makaranta da littattafai ba. Wajibi ne ya sa kuɗin waya mai ƙarko, da data, da batirin ajiyar wuta ko ƙaramin faifan hasken rana. Ya kamata kuma ya tambayi ɗalibin ko makarantar ta tanadi wani abu kyauta kafin ya biya dala. Ga mai neman inda zai zuba jari kuwa, buƙatar tana nan kusa da gida: ɗakin karatu mai wutar rana da intanet mai ƙarfi, da sayar da kwamfuta bisa biya kaɗan-kaɗan, da naɗar darussa kan cututtukan da suka fi addabar jama'ar ƙasar nan, irin su zazzaɓin cizon sauro da sikila da zazzaɓin Lasa, a kan farashin naira.

Duk da haka, akwai iyakar da intanet ba ta ƙetarewa. Majalisar Kula da Likitoci ta Nijeriya, MDCN, ba ta ba mutum cikakkiyar rajista sai ya gama horon asibiti, ya kuma yi shekara guda ta aikin gwaji ƙarƙashin manya. Ba a koyon taɓa cikin majiyyaci, ko sa allurar ƙarin ruwa, ko sauraron tsohuwar da ta zo daga Sabo ba ta jin Turanci, sai a gefen gado. Saboda haka kuɗin da aka kashe a intanet yana biyan kansa ne kawai idan ya sa ɗalibi ya isa gaban majiyyaci da shirinsa.