Tsohuwar Kwamfuta Mai Aron Ƙwaƙwalwa

Kwanan baya wani dattijo maƙwabcinmu a Gwammaja, can wajen Gidan Mambayya, ya aiko ɗansa ya kira ni. Na tarar ya jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin gado, irin fararen nan masu kwanciya kamar akwati, har ta yi jajaja don tsufa. Da ita ya yi sana'ar buga wa mutane takardu shekara talatin da suka wuce: katin biki, takardar neman aiki, yarjejeniyar cinikin gida. 'Yan jari bola sun taya ta, za su kai ta Ƙofar Ruwa a auna a kan kilo. Shi kuwa ya ƙi sallamawa, gama a cikinta akwai tarihin gidansu wanda ya rubuta daga bakin mahaifinsa, takardun da ya fitar a lokacin kuwa gara ta cinye.

Yaron har ya ɗauki waya zai soka a bango, na riƙe hannunsa. Ya mai karatu, in kana da irin wannan a gida, kada ka yi gaggawar ba ta wuta. Duba bayanta tukuna. Akwai wani ɗan maɓalli, sau da yawa ja, mai rubutu 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. Wutar Amurka ce 115, tamu ta Nijeriya 230. In hannu ya goce da shi zuwa 115 aka kunna, sai ƙara da hayaƙi.

Da muka kwance murfin muka busa ƙurar hunturu ta shekara da shekaru, sai na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Ƙwaƙwalwar da ke ciki, watau furosesa, ba wadda aka haife ta da ita ba ce. Wani ɗan allo ne zaune a gurbin ta asali, da 'yar fanka a kansa, an rubuta Kingston TurboChip.

Ga asalin abin. Kamfanin Intel ya fito da ƙwaƙwalwar da ake kira 486 a shekarar 1989. Da yawansu suna bugawa sau miliyan 25 ko 33 a daƙiƙa ɗaya, abin da masu sana'ar suke kira megahaz. Kwamfuta kuwa a wancan zamani dukiya ce, ba a yar da ita don an ga sabuwa. Saboda haka a 1992 Intel ya soma sayar da wata ƙwaƙwalwa mai suna OverDrive, wadda mutum zai saya daban ya dasa. Dabararta ita ce ta ninka gudu a cikin kanta: babban allo yana tafiya a 33, ita tana aiki a 66. Sa'ad da Windows 95 ya fito a watan Agusta na 1995, tsofaffin injuna suka soma ja da ƙyar, kasuwar dashe ta buɗe sosai. A shekarar ce kamfanin AMD ya kawo Am5x86, mai ninka 33 sau huɗu ya zama 133. Ita ce kamfanoni irin su Kingston da Evergreen suka riƙa ɗorawa a kan ɗan allo suna sayarwa.

Me ya sa sai da ɗan allo? Nan ne wurin da masu gyara suke yin ɓarna. Tsofaffin allunan 486 suna ba ƙwaƙwalwa wuta bolt 5. Am5x86 kuwa bolt 3 da ɗan ɗoriya take ci. Ɗan allon nan shi ne mai rage wutar kafin ta kai gare ta. Wanda bai sani ba, in ya sami ƙwaƙwalwar tsirara ya soka ta kai tsaye a tsohon gurbi, ya ƙone ta ke nan. Haka kuma fankar ba ado ba ce. Tamu mun tarar ta daskare, sai da muka ɗaga takardar bayanta muka ɗiga mata man keken ɗinki. Intel ma ya san haɗarin: Pentium OverDrive da ya yi wa allunan 486 a 1995, mai gudun 63 ko 83, in fankarta ta tsaya sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Ni dai a ganina, wanda ya dasa wa dattijon nan wannan ƙwaƙwalwa ya yi masa aikin kirki. Ba ta mai da jaki doki ba, gama sauran kayan cikin suna nan da tafiyarsu ta dā, amma ta ƙara wa injin shekaru yana ciyar da iyali.

Babbar cutar tana wani wuri dabam. Kusa da inda ake soka wayar allon rubutu akwai wani ɗan batir kamar ƙaramar ganga, shi yake riƙe agogo da saitin injin. In ya tsufa sai ya yi yoyo, ruwansa ya bi siraran hanyoyin tagulla yana cinsu, ya bar wani kore kamar gansakuka. Muka datse shi muka yar. Muka goge wurin da ruwan khal da tsohon buroshin haƙori, domin tsami ne yake kashe kaifin wannan ruwa, sa'an nan muka bi da sifirit, muka bar allon ya bushe kwana biyu. Hanya biyu sun riga sun tsinke. Wani yaro mai gyara a titin Beirut ya haɗa su da siririyar waya, yana ta mamakin girman abin, don idonsa ya saba da kayan wayar hannu. Akwatin wutar ma mun gwada shi shi kaɗai kafin mu haɗa. Allon kallo mai ƙugu irin na tsohuwar talabijin kam ban buɗe ba, kai ma kada ka buɗe, yana ajiye wuta mai kisa ko an cire shi daga bango.

Watakila wani ya ce, don me duk wannan wahala, ba sai a cire faifan ajiya a karanta a sabuwar kwamfuta ba? Mun yi haka tun farko, don mu sami kwafi a hannu. Amma da muka buɗe rubutun, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai wasu alamu barkatai. A wancan zamani masu buga Hausa da wani zubin haruffa na musamman suke samun haruffa masu lanƙwasa, zubin kuwa yana cikin tsohon injin. A can ne rubutun yake fitowa yadda mai shi ya buga shi.

Da muka kunna ta, ta yi ƙarar nan guda ɗaya, ta nemi a gaya mata kwanan wata da girman faifanta, gama ba batir duk ta manta. Muka cika mata. Dattijon ya sa tabarau ya matso, ya karanta sunan kakansa da ƙarfi. Yanzu yaron yana zama kowace yamma, tsohuwar a hagu, sabuwar a dama, yana gyara ƙ da ɗ ɗaya bayan ɗaya. 'Yan jari bola sun sake dawowa sau biyu, don sun san akwai ɗan zinariya a ƙafafun irin waɗannan ƙwaƙwalen. Dattijon ya ce musu su dawo bayan an gama.